Mahaifina da fartanya ya cika rumbu, ni da taki da tarakta na ƙare da bashi. Ina matsalar take?

Dan_Kumo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi gabanku.

Gonar da nake nomawa a bayan Kumo ita ce wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya noma. Da fartanya da garmar shanu ya yi ta fama da ita, takinsa juji ne da kashin awaki, irinsa kuwa daga rumbu yake ɗebowa. Mu goma sha huɗu ne a gidan, kuma ban tashi na ga ana auno mana hatsi a kasuwa ba. Ni bana na ɗauki hayar tarakta, na sayi irin masara na kamfani, na zuba takin kamfa buhu shida da na yuriya huɗu, na yi feshi sau uku. Masara ta yi kyau, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma da na kai ta kasuwar Tudun Hatsi a Gombe, sai na sayar da buhu biyu kafin in mayar da kuɗin buhun taki ɗaya. Da na sallami mai tarakta da 'yan ƙwadago da mai injin casa da mai mota, sannan wanda ya ba ni taki bashi, abin da ya rage a ɗaki ba zai kai mu farkon damina ba.

Don Allah manya da masana, ku gaya mini gaskiya. Wannan noman zamani ci gaba ne, ko tarko muka shiga da ƙafafunmu?

DanBajoga

Wa alaikumus salam. Wallahi kamar ka leƙa zuciyata. Ni ma haka ta faru da ni da shinkafa. Allah ya mayar mana da alheri.

Baffa_MaiRitaya

Ɗana Dan_Kumo, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni na ga zamanin da kake magana a kai, don haka bari in ɗan tuna maka wani abu da ka bari a baya. Mahaifinka ba hatsi kaɗai ya noma ba, na tabbata yana da gonar auduga. Kowa a ƙasar Akko, inda Kumo take, yana da ita. Hatsi na ci ne, auduga ita ce kuɗi. Da ita ake biyan haraji, a yi wa iyali tufafin Sallah, a sayi bijimin huɗa. Shi ya sa ba a taɓa rumbu.

A lokacin akwai gidan gurzar auduga a Kumo, akwai kuma na Gombe. Irin auduga raba shi ake yi ta hannun masu unguwanni. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya wuce Maiduguri a 1964, to ka ga hanyar fitar da kaya ta samu. Babban abin da ya fi muhimmanci, hukumar sayen amfanin gona tana faɗin farashi, manomi ya san abin da zai samu a kan kowane awo. A 1986, zamanin gyaran tattalin arziki na Babangida, aka rushe hukumomin nan. Daga baya masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Auduga ta mutu, sai masara ta zama ita ce abinci, ita ce kuɗi. Wanda zai sayar da abincinsa ya biya bashi da kaka, ai dole ya sayo shi da tsada da bazara.

TarihiGadonmu

Baffa, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake. Sai dai ina neman izini in ƙara abu ɗaya. Hukumar nan ba don ƙaunar manomi aka kafa ta ba. Tana saye ƙasa da farashin duniya, rarar kuma gwamnati ke ɗauka. An yi ayyuka da kuɗin, babu musu, amma gumin manomi ne aka tatsa.

Kuma kada mu mayar da zamanin da tamkar Aljanna. An yi yunwar Kakalaba wajen 1914, mutane suka mutu da yawa a Arewa. An yi fari a 1973, an sake yi a 1984. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta shafe gonaki, daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. Kakanninmu sun sha wuya, ba su da wayar da za su rubuta koke ne kawai.

Baffa_MaiRitaya

Na yarda da kai. 1973 ina saurayi, na ga shanu a kwance a gefen hanya ba mai iya tayar da su. Ban ce babu wahala ba. Na ce akwai tsari.

MalaminGona_Deba

Malam Dan_Kumo, ni aikina ke nan shekara da shekaru, bari in amsa maka ta fuskar ƙasa.

Gonar sunanta ɗaya, iyakarta ɗaya, amma ƙasar da mahaifinka ya noma ba ita kake nomawa ba. Shi yana barin wani ɓangare ya zama saura shekara biyu ko uku. Yana haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, waken yana mayar wa ƙasa abin da hatsin ya ci. Da kaka Fulani su sauka da shanu su kwana a gonar. Kara yana ruɓewa a inda ya faɗi. Na tabbata akwai gawo a gonar a da, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka haske da taki. Yanzu fa? An sare gawo don tarakta ta samu hanya. Kara an kwashe an sayar ko an ƙone. Masara a kan masara shekara goma. Ƙasa ta zama kamar rariya, ka zuba taki ruwa ya wanke.

Ka kuma sani masara a da ba amfanin gonar daji ba ce a nan. Ta bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya kafin gero ya nuna. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo aikin bunƙasa noma na Bankin Duniya a wurare uku, Funtua da Gusau da Gombe. Shi ya kawo sabon iri, da rumbunan taki a ƙauyuka, da hanyoyin karkara. A lokacin gwamnati ke ɗaukar mafi yawan kuɗin taki. Aka koya mana amfanin da ba ya yi sai da taki, daga baya aka janye hannu daga takin. Nan ne tarkon da kake tambaya, idan akwai shi.

Tambaya ɗaya: yuriyar nan watsa ta ka yi ko binnewa?

Dan_Kumo

Malam, ajiyewa yaran suka yi a gindin shuka, ba su binne ba. Kuɗin binnewa daban suke caji. Gawo kuwa gaskiyarka, uku ne a gonar, saura ɗaya.

MalaminGona_Deba

To ka ga wani ɓangare na kuɗinka ya bi iska. Yuriya kashi 46 cikin ɗari na cikinta shi ne sinadarin da shuka ke bukata, kuma idan ta zauna a sarari cikin zafi sai ya riƙa tashi. Tona rami kaɗan da tsinke nesa da gindi kamar tsawon yatsa, a zuba, a rufe da ƙafa. Abin da za ka biya yaran bai kai abin da ka yi asara ba. Gawon da ya rage kuma, don Allah ka bar shi.

GoggonYara

Ku yi haƙuri in sa baki, don kullum idan ana zancen manoma maza ake nufi. Ni maigidana ya rasu shekara shida ke nan, gonar da ta zo wa yarana gado ni ke kula da ita a wajen Kaltungo. Duk wani tallafi da aka ce an kawo, sai dai in ji a rediyo. Sau biyu ana rubuta sunana, har hoto aka ɗauka, ban ga ko mudu ɗaya ba.

Amma abin da ya kawo ni shi ne maganar ajiya. Dan_Kumo, ƙanena, ba noman ne ya kayar da kai ba, sayarwa da kaka ne. Ni wakena ba na kai shi kasuwa sai an fara shuka. Da ina zuba masa magani, har wata shekara yarana suka ci suka kwana suna amai, na tsorata. Yanzu buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki. Ka shanya wake ya bushe sosai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ba ya rayuwa a ciki. Wata shida ka buɗe kamar ranar da ka zuba.

DanBajoga

Goggo, wanda bashi ke binsa ai ba shi da ikon ajiya. Mai taki a ƙofar gida yake tsaye tun ranar da aka fara karya masara.

MaiSari_TudunHatsi

Na san yanzu za a ce mu 'yan sari ne azzalumai, don haka gara in yi magana tun da wuri. Bana ko wanda ya ajiye bai tsira ba. Ni na sayi masara da tsada na zuba a sito ina jiran bazara, sai farashi ya yi ta sauka maimakon ya hau. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150, aka shigo da masara da shinkafa da alkama. Masu kamfanonin abincin kaji da suka saba aiko mana da tireloli suka rage saye. Akwai waɗanda na sani a kasuwar nan da suka sayar da gida.

Ban ce talakan birni bai cancanci sauƙi ba, yunwa ta yi yawa a lokacin. Amma in za ka saukar da farashin hatsi, ka saukar da na taki tare da shi. A 2017 buhun taki na shirin shugaban ƙasa naira 5,500 ne. Ku duba inda yake yau. A 2019 an rufe iyakoki aka ce kowa ya koma gona, muka koma. Yau kuma an buɗe ƙofa. Manomi zai shuka ne bisa wace magana?

Dalibin_ATBU

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yuriya a ƙasar nan ake yin ta. Akwai masana'anta a Fatakwal, ga ta Dangote a Legas da aka buɗe a 2022, har waje ake fitar da ita. Amma da farashin dala ake lissafa ta, kuma tun da aka saki naira a 2023 komai ya bi. Shi kuwa kamfa, wasu sinadaransa daga Maroko da Rasha ake kawowa, shi ya sa yaƙin Yukren ya taɓa gonar Kumo.

TarihiGadonmu

Tunda an ambaci masarar bayan gida, bari in ɗan karkata. Mutane da yawa ba su san cewa masara baƙuwa ce ba. Daga nahiyar Amurka ta fito, ita da gyaɗa da rogo da tumatir da barkono da dankali, kuma duk ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500. Namu na gado su ne gero da dawa da wake da acca da gujiya. Gero a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara mayar da shi amfanin gona, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, an samu shaidarsa a arewacin Mali. Dawa daga gabashin Sudan. A Gajiganna ta Borno da wuraren Nok ma an tono ƙwayar gero ta dubban shekaru.

Abin da nake so a lura: gero da dawa sun yi dubban shekaru suna sabawa da farinmu da ƙasarmu. Idan ruwa ya ɗauke mako biyu, dawa ta naɗe ganye ta jira. Masara in ya ɗauke mata lokacin fitar da gemu, shi ke nan.

Jikan_Katagum

Gyaɗa baƙuwa? Malam Tarihi, wannan kam sai na bincika. Kakata da ƙuli-ƙuli ta aurar da 'ya'yanta bakwai.

TarihiGadonmu

Bincika, ɗan'uwa. Shekara ɗari huɗu ai sun isa baƙo ya zama ɗan gari. Gujiya ce tamu tun asali.

Jikan_Katagum

To na ji. Mu dai a ƙasar Katagum ba taki ne babbar damuwarmu ba, ruwa ne. Ko ya ƙi zuwa, ko ya zo gaba ɗaya. Daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankinmu, ka ƙiyasta abin da ya yi wa gonakin fadama. Shinkafata ta fara ɗaukar ciki, na je da safe ban ga ko kan ganye ba, sai ruwa ja har bakin tudu. Wanda ya tsira daga ruwa kuma jan-baki na jiransa. Yara tun asuba suna cikin gona da gwangwani da igiya suna ihu, makaranta sai bayan girbi. Ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Madatsar Kafin Zaki kuwa tun muna yara ake maganar gina ta, har mun yi furfura.

DanRuga_Dukku

Salama jama'a. MalaminGona ya ambace mu, bari in faɗi namu. Mahaifina ya ba ni labari, da manomi ne ke zuwa ruga ya roƙi a sauka a gonarsa bayan girbi, har ya ba da damin gero. Matansu su karɓi nono, namu su karɓi hatsi. Yau kara da harawa sayarwa ake yi, kuma ban ga laifin manomi ba, shi ma neman na taki yake. Amma burtalin da muke bi an nome shi, mashaya an zagaye ta da lambu. Bara saniyata biyu suka mutu bayan sun ci ciyawar da aka yi wa feshi a bakin hanya, ba wanda ya sa alama.

Akwai ɓata-gari a cikinmu masu sakin dabba cikin amfanin mutane da dare, ba na kare su, Allah ya shirye su. Sai dai ku duba, gona ta rasa kashin shanu, shanu sun rasa karan gona. Kowa ya yi asara.

Dan_Kumo

DanRuga, maganarka ta taɓa ni. Ina tuna wani Bafulatani da ke sauka gonarmu kowace shekara, mahaifina yana kiransa aboki, mu muna ce masa Baffa. Rabon da shanu su kwana a gonar nan ya fi shekara ashirin.

NomanRani_DadinKowa

Ni shawarata kada mutum ya dogara da damina kaɗai. Ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, ruwa kamar teku, amma kaɗan daga cikin filin da ya kamata ya sha ne ake nomawa. Ga ta Balanga ma. Ni shinkafa FARO 44 nake yi sau biyu a shekara, da ɗan albasa. Abin da ya kusa korata shi ne fetur. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, injin ban-ruwa ya koma cin rabin riba. Mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi famfo mai aiki da hasken rana, muna karɓa-karɓa. Da tsada a farko, amma rana ba ta aiko da takardar bashi.

YarTula

Ina ta karantawa, kowa na cewa "noman da" kamar iri ɗaya ne. Ku hau dutsen Tula ku ga yadda kakanninmu suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu don tare ƙasa da ruwa. Babu injiniya, babu Bankin Duniya. Har yau wasu gonakin suna nan ana nomawa. A cikin garin Gombe kuwa kwari na cin gidaje saboda an sare itatuwa an bar ruwa yana gudu yadda ya ga dama. Ilimin yana nan a gida, raina shi muka yi.

AbuHafsat_Misau

Ni fa duk wannan sabon iri ban yarda da shi ba. An ce akwai waken da aka sauya wa halitta, wai in ka shuka bana ba zai fito baɗi ba. So ake a mayar da mu bayin kamfanoni.

MalaminGona_Deba

Malam AbuHafsat, an haɗa maka magana biyu ne. Waken da kake nufi SAMPEA 20-T ne, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da shi a 2019. An yi shi ne don ya jure wa tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, feshi ya ragu. Wake kansa yake yi wa barbara, don haka in ka ajiye irinsa zai fito. Wanda ba a maimaitawa shi ne masarar aure ta kamfani: za ta tsiro, amma amfanin zai ragu sosai. Wannan kuma ba sauya halitta ba ne. Kana da 'yancin ƙin shukawa, amma ka ƙi bisa sani.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jabun magani. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo a 2016, kowa ya zama mai sayar da maganin feshi. Yaro ya goya famfo ba takalmi ba abin rufe hanci, ya gauraya da hannu, ya wanke a rafin da ake sha.

AbuHafsat_Misau

Na gode da bayani, amma zuciyata ba ta kwanta ba tukuna. Farar kaura ta gidanmu dai ba zan bar ta ba.

Baffa_MaiRitaya

Kada ka bar ta. Amma mu koma kan tambayar yaron nan. Dan_Kumo, ku nawa ne kuka gaji gonar? Domin mahaifinka gandu yake yi. Ku 'ya'yansa ku ne 'yan ƙwadagonsa, ba ya biyan kowa, ranar da aiki ya yi yawa a kira gayya a dama fura. Kai naka 'ya'yan suna makaranta, kuma haka ya kamata. Amma kuɗin makaranta da na asibiti da na waya duk daga gonar za su fito, alhali shi bai san waɗannan ba. Na ga shirin Ciyar da Ƙasa na Obasanjo a 1976, na ga na Shagari a 1980, na ga na rabon taki ta saƙon waya a 2012, na ga rancen da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Kowanne ya zo da taki da iri. Ban ga wanda ya zauna ya yi lissafin nan da manomi ba.

Dan_Kumo

Baffa, mu tara ne, maza biyar mata huɗu. Ba a raba ba, ni nake nomawa in ba kowa ɗan abin da ya samu. Kuma ga abin da ban faɗa ba tun farko: yayanmu ya kawo maganar a yanka ta fuloti a sayar, tunda gari ya matso. Bayan Sallah za a zauna. Shi ya sa na kasa barci har na rubuto.

Na karanta duk abin da kuka ce. Fartanya kaɗai ba za ta riƙe gidana ba, wannan na sani. Amma in Allah ya kai mu, kuma in gonar ta tsira, ina tunanin raba ta uku: dawa da wake, waken suya, sai masara kaɗan daidai takin da zan iya saya da kuɗina. Malam na Deba, gefen gabas wuta-wuta ta cinye shi, waken suyar zai yi a wurin?

MalaminGona_Deba

Zai yi, can ma ya fi dacewa. Yana sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu, amma sai ka yi shekara biyu ko uku kana juyawa, kuma duk wadda ta fito ka tuge ta kafin ta yi fure. Ka nemi takin sufa ka zuba lokacin shuka, ba ya bukatar yuriya.

DanRuga_Dukku

In ka bar karan dawar a gona, akwai 'yan'uwanmu da ke sauka ta wajen Kumo da kaka. Ka je wurin Arɗo da kanka ku yi magana.

MaiSari_TudunHatsi

Waken suya ma fa farashinsa ya faɗi bana. Kada ka zuba duka a kansa.

GoggonYara

Ƙanena, kafin zaman nan ka fara zuwa wurin 'yan'uwanka mata ɗaya bayan ɗaya. Su huɗu ne, suna da haƙƙi a gonar, kuma na tabbata ba wanda ya tambaye su tukuna.